Ƙarfe Huɗu Saura Bakwai

Daren Laraba a Saalfeld,
ƙarƙashin tsohon gidan burodi,
mu bakwai ne, in ba a ƙirga kare ba.
Bango har yau yana ƙanshin yis,
sai dai gam da fenti sun fi ƙarfinsa.

Volkmar ke riƙe da makulli.
Shekara talatin yana cire wa mutane haƙori,
yanzu da ɗan hantsakin nan nasa
yake dasa fasinjoji a bakin dogo,
kowanne bai kai ƙwayar wake ba.

Ni bishiyoyi ne aikina.
Waya, soso, koren fenti.
Na tayar da daji guda a kan teburi,
ban taɓa ba shi ruwa ba,
bai taɓa yi mini gori ba.

Henrike ta zo da hotuna a ambulan.
Durƙusawa take yi ta ɗauka, ido daidai da dogo,
har gadar da ta haɗa da tsinken ashana
ta zama gadar da mutum zai yi shakkar hawa.
Muka riƙa miƙa wa juna,
kowa ya kama gefe, kada yatsa ya bar tabo.
"Layin nan ya cika tsabta," in ji Volkmar,
"ina kika taɓa ganin dogo babu tsatsa?"
Ta ce ya je ya ji da haƙoran jama'a.
Dariyarmu ta tashi kare.

Ortwin ba ya dariya da wuri.
Shi ne mai juya layi a wata 'yar tasha bayan tsaunuka,
shekara ashirin da shida,
har ranar da takarda ta zo,
aka kwashe ƙarfen, aka bar wa masu keke hanyar.
Yanzu tashar ga ta can a kusurwa,
tsawonta kamu biyu,
da bututun hayaƙinta a karkace,
da taga guda da ya fasa da bakin allura
don haka ya san ta.

A hoton ƙarshe muka gan ta.
Mace ɗaya, jan kwat, jaka a hannu,
tsaye ƙarƙashin agogon da aka zana da silin gashi.
Ƙarfe huɗu saura bakwai.
Volkmar ya gyara zaman tabarau.
"Wannan ba ni na dasa ta ba."

Shiru, sai ƙugin na'urar ɗumama ɗaki.

Ortwin ya goge yatsunsa da tsumma,
ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su ɓaci ba.
"Jirgin huɗu saura biyar take jira.
Ina ɗakin sigina, ban san ko sunanta ba.
Na bar masa jar wuta, minti biyu cur,
don in ƙara kallonta.
Aka yanke mini albashin kwana uku."
Ya mayar da hoton cikin ambulan.
"Shekara arba'in Waltraud tana cewa
da ta sani, da ta hau bas."

Aka kunna wuta.
Kan jirgi ya ja taragu biyar, ƙis-ƙis-ƙis,
ya haye gadar ashana, ya kutsa ramin dutse,
ya ratsa dajina bai kaɗa ganye ba.
Da ya doshi kusurwa
Henrike ta ɗage yatsa daga maɓalli.
Ya tsaya nesa da tasha, fitilarsa na kallon jan kwat.
Babu wanda ya ce uffan.
Ni dai na duba agogona a ɓoye:
ba ta rage masa ko daƙiƙa ba.

Daga baya tarago na huɗu ya goce,
muka yi rabin awa muna neman ƙafarsa ƙarƙashin teburi,
tsofaffi shida a rarrafe, kare na lasar kunnuwanmu.
Volkmar ya kulle ƙofa.
Dusar ƙanƙara ta fara sauka,
muka jeru a bakin titi, hannu cikin aljihu,
muna jiran bas,
don garuruwanmu jirgi ya daina zuwa.